Ashe Motar Ce Ta Murɗe, Ba Hannun Mijina Ba

Mme Puleng, ina gaishe ki da aiki. Don Allah ki ba ni kunnenki, ki kuma taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin na rasa wanda zan kai wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ni mace ce mai shekara sittin da ɗoriya, ina da jikoki, ni ke jan waƙa a taron matan coci na ranar Alhamis, amma yau ga ni ina rubuto wa jarida a kan motar wasa. Damuwar a taƙaice ita ce: mabuɗin a-kori-kurar mijina yana cikin jakata. Shi da kansa ya ba ni, yanzu yana son abinsa, ni kuwa hannuna ya ƙi miƙawa.

Bari in faro miki daga tushe, ki yi haƙuri da ni in na yi ta zagaye, haka nake ko a gida. Mijina, zan kira shi Moeketsi, ya ƙare rayuwar aikinsa a mahaƙar zinariya a nan Welkom. Bai shiga rami ba. Shi ne ke zaune a ɗakin inji a sama yana tuƙa kejin da ke saukar da ma'aikata cikin ƙasa, ya kuma hauro da su. Hannunsa na dama a kan birki, rayukan mazajen mutane a ƙarshen igiya, har ya yi ritaya ba a taɓa cewa keji ya girgiza a hannunsa ba. Yana da wata ƙa'ida da yaranmu suka haddace tun suna ƙanana, har sukan kwaikwayi muryarsa in ya juya baya: “In ka fara shakkar hannunka, tashi ka ba wani kujera. Kada ka tsaya zargin inji.” Mutumin kirki ne, amma kansa ya fi dutsen ramin nan tauri.

Da ya bar aiki sai ya zame mini kaya a gida. Ya jera mini tukwane bisa girmansu, ya gyara ƙofar da lafiyarta lau har ta daina rufuwa. Allah ya saka wa abokinsa Gielie, tsohon mai gyaran wutar mahaƙar, shi ya ja shi zuwa filin tseren ƙananan motoci da ke bayan tsohon tulin ƙasar da aka haƙo daga mahaƙar. Ko da ba ki taɓa zuwa ba kin san irinsu: tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ba, batir suke sha, ana tuƙa su da rimot mai ɗan sitiyari a gefe da kunama irin ta bindiga. Manya-manyan dattawa su hau dandamali su jeru, suna murɗa jiki suna zagin juna, motoci na tsalle a kan tudun jar ƙasa. Da farko na raina abin. Daga baya na ga mijina yana dawowa gida da yunwa da labari, sai na fara soya musu magwinya, wato fankenmu na nan, duk Asabar ina bin sa.

Shekarun baya kaɗan hawan jini ya kayar da shi a bayan gida. Allah ya taƙaita, bakinsa bai karkace ba, amma hannun dama ya yi nauyi, ko maɓallin riga ba ya iya sakawa. Ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai lokacin. Mai gasa masa hannu a asibiti ta ce ya koma wa rimot ɗinsa, yatsu suna son aiki. Haka kuwa aka yi. Ya fara da zagaya bokiti a tsakar gida, motar na cin karo da kujeru da ƙafafuna, har a hankali ya koma fili ya ci gaba da wuce Gielie. Tun daga nan motar nan ta zama masa ma'auni. Likita ya faɗi abin da zai faɗa, amma shi Moeketsi sai ya ga yadda ya sha kwana ranar Asabar yake yarda cewa hannunsa lafiya.

To, ni ce na kawo kayan alminiyom ɗin da suka jawo duk wannan. Kayan motarsa duk roba ne, kullum a karye, kullum ina tsintar guntaye a aljihun wandonsa in zan yi wanki. Na lura yana leƙen motocin samarin kulob masu ƙyalli, sai ya taɓe baki ya ce ɓarna ce, amma idonsa na can. Da ranar haihuwarsa ta matso a watan Agusta, na sa ’yarmu Karabelo ta yi mini oda ta waya: farantin ƙasa, wanda duk sauran kayan motar ke zaune a kansa, da hannayen da ke riƙe tayoyin gaba, duk na alminiyom, shuɗi mai ɗaukar ido. Da ya buɗe kwalin ya shafa su da babban yatsa, ya ce, “Maman Karabelo, kin ɓata ni.” Ranar ko tuwo ya bari ya huce yana ɗaurawa.

Asabar ɗin farko da safe motar ta yi gudu kamar an zana mata hanya. Da rana wani ya kife a gabansa a ƙarshen miƙaƙƙen titi, ya kauce masa, ya daki ginshiƙin ƙarfen shinge da dukan gudunsa. Har inda nake da kwanon magwinya na ji ƙarar. Aka taru, aka juya motar ciki da bai, ko tsaga babu. Gielie ya ce, “Direba, da roba ce da yanzu tsintsiya muke nema. Ka gode wa matarka, ta fi ka hankali.” Kowa ya yaba mini, ni kuma kaina ya kumbura, ba zan ɓoye miki ba.

Daga makon da ya biyo baya abu ya sauya. A miƙe motar lafiya lau. Amma in ta sauko daga babban tudun tsalle sai ta zabura dama ta afka wa bututun da aka kewaye hanyar tseren da shi. Ya gyara saitin rimot, ya canja tayoyi, ya duba kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Ki gane, shekara da shekaru da roba yake aiki, ita kuwa roba ko ta karye ka gani, ko ta lanƙwasa ta koma daidai da kanta. A wurinsa duk abin da bai karye ba lafiyarsa ƙalau. Ga kayan suna ta ƙyalli, ga shi kyautar matarsa ce. Ya duba mota bai ga laifi ba, sai ya koma duban hannunsa.

Na fara kama shi a tebur yana buɗe yatsu yana rufewa a ƙarƙashin jarida. Ya zaƙulo tsohuwar ƙwallon robar nan ta asibiti yana matsawa in yana zaton ba na kallo. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce masa ya fashe, ya ce sabulu ne a mariƙin kofin, ni kuwa ni na wanke kofin nan na kuma goge shi. Ban ce uffan ba, shi ma bai ce ba. Muna gida ɗaya, muna tsoron abu ɗaya, kowa yana yi wa ɗan'uwansa fara'ar ƙarya.

Sai wata Lahadi muna dawowa daga coci. Kin san garinmu, ko'ina shataletale ne. Mun fita daga ɗaya ke nan, babu abin da ya faru, ko gefen titi bai goga ba, sai ya gangara ya tsaya. Ya kashe mota, ya fita, ya zagayo ta gefena, ya buɗe ƙofa ya miƙo mini mabuɗi. Ya ce, “Maman Karabelo, karɓi. Na fara shakka.” Mme Puleng, ina da lasin tun yara na firamare, amma ba na jin na tuƙa motar nan sau goma. Na kai mu gida, yana gefe ya ɗora hannayensa a cinya. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da ya faɗi.

Washegari na kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinya ta auna jininsa ta ce ya ɗan hau amma ba na tashin hankali ba, ta tura mu wurin babban likita, aka ba mu rana sai ƙarshen Janairu. Ya daina zuwa fili. Ya goge motar wasan ya ɗora ta a saman kabad. Gielie ya yi ta bugo waya, shi kuma ya ce gwiwa ce ke damunsa.

Za ki ce, to me ya hana ya ba wani ya gwada motar? Ni ma yanzu haka nake cewa. Amma a filin nan ba a taɓa rimot ɗin wani. Za su ara maka batir, su ba ka taya, su kwanta a ƙasa su nemo maka notin da ya faɗi, amma rimot kamar buroshin haƙori ne a wurinsu, ba a roƙo, ba a tayi. Sau ɗaya tak a shekara ake karya wannan doka, a tseren ƙarshe kafin Kirsimeti. Ranar kowa zai rubuta sunansa a jefa cikin hular Gielie, wanda ka zaro motarsa za ka tuƙa, wanda ya zo na ƙarshe shi zai kankare ragar gashin nama. Wasa ne kawai na cin fuska da dariya.

Moeketsi ya ce ba za shi ba. Na ce ni na riga na yi alkawarin tuwon masara da miyar yaji na mutum talatin, kuma ba zan ɗauki tukunyar ni kaɗai ba, in yana so ya zauna a mota ya zauna. Na sauko da motar daga kan kabad na sa a baya ba tare da na tambaye shi ba. Ba wata dabara nake ƙullawa ba, na gaji ne da ganinta a can sama tana kallona. Muna isa Gielie ya hango ta, ya ɗauke ta tun kafin in yi fakin da kyau.

Ya ce, “Gwiwa ko? Da gwiwa ake murɗa sitiyari? Sunanka na cikin hula, tsoho, sai dai ka mutu.”

Moeketsi ya ce, “Mai waya, rabu da ni. Zan ɓata wa wani motarsa ne kawai.”

“Ka ɓata mana. Ai shi ya sa muka zo.”

Allah da ikonsa, Gielie ne ya zaro sunan Moeketsi. Shi kuma Moeketsi ya zaro na wata malamar makaranta, Ausi Ntsoaki, mai wata tsohuwar mota ta roba da aka ɗaure bodinta da salatif. Na ga lokacin da ya karɓi rimot ɗinta, ya goge tafin hannunsa a wando har sau biyu. Ni kuwa na bar muciya a tukunya na matso shinge.

Aka tashi. Gielie ya fita gaba da shuɗiyar motarmu yana ihu wai yau zai nuna wa mai ita yadda ake tuƙi. Ya hau babban tudu, ya sauko, motar ta zabura dama ta shige bututu, daidai inda take shigewa a hannun mijina. Aka kwashe da dariya. Aka fito masa da ita, ya zagayo, ya sake hawa, ta sake shigewa. A karo na gaba har hularsa ya jefar, ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta a jaridar da ’yan cocinmu ke karantawa ba. Ya juya ya ce, “Direba, wannan wace irin jaka ka ba ni? Ita ke tuƙa ni!”

Moeketsi bai ko waiwaya ba. Motar Ausi Ntsoaki tana bin hanyarta tsaf, tana hawa tudu tana sauka a miƙe, tana shan kwana a matse kamar yadda ya saba. Bai taɓa bututu ko sau ɗaya ba. Shi ya zo na biyu, Gielie ya zo na ƙarshe.

Gielie ya sauko yana huci, ya kwance motar nan take a bayan motarsa, ya ciro farantin ƙasan ya ɗora a kan wani gilashi da yake yawo da shi don saiti. Ya danna kusurwa ɗaya da yatsa, sai ga faranti yana rawa kamar tebur mai gajeriyar ƙafa. A ido ba za ki ga komai ba. Ashe tun ranar da ya daki ginshiƙi ya ɗan murɗe, hannun taya ɗaya ma ya ɗan lanƙwashe, kuma alminiyom in ya murɗe a haka yake zama. Gielie ya ce, “Wata nawa kana fama da wannan? Kai da ka yi aiki da ƙarfe duk rayuwarka?” Sai ya ɗago ya ga fuskar abokinsa. Ya ce a hankali, “Moeketsi, me ka zata?” Mijina ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna masa.

Ya fara dariya, ya yi ta yi har ya dafa mota, sannan ya zagaya bayan a-kori-kura ya zauna a ƙasa cikin wandonsa mai kyau. Na bi shi na zauna kusa da shi. Muka yi kuka muna dariya, mu biyu tsofaffi a cikin jar ƙasa, tuwona na can yana kamawa. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke mini. Ranar ya ci nama kamar saurayi, ya tsaya a kan Gielie yana nuna masa inda bai kankare raga da kyau ba. Har yau in na tuna sai in ji numfashina ya faɗaɗa, ina gode wa Allah safe da yamma.

To ga inda matsalar take. Da za mu tafi gida ya tsaya a ƙofar direba ya miƙo mini tafin hannu yana murmushi. Na yi kamar ina neman wani abu a jaka, na ce ya sha giya ɗaya, bari in kai mu. Gaskiya ne ya sha, amma ba shi ne dalilina ba. Tun daga ranar yake tambaya, ni kuma ina ta kawo uzuri har uzurin ya ƙare. Ya ce in buga asibiti in soke ranar likita, a bar wa masu ciwon gaske layi, tunda an ga mai laifi a kan gilashi. Jiya ya ce, “Maman Karabelo, ni na ba ki da hannuna, ba ƙwacewa kika yi ba. Kada ki sa in roƙa.” Maganar ta soke ni, don ya yi gaskiya.

Amma kofin nan fa? Motar wasa ba ta fasa kofi. Wataƙila tsoro ne ya sa hannunsa rawa, wataƙila ba tsoro ba ne, ni ba likita ba ce. In na ba shi mabuɗi ya ɗauki jikokinmu wani abu ya faru, ina zan sa kaina? In na hana shi kuma, ina gani da idona yadda farin cikin da ya dawo masa yake raguwa kullum, kamar ni ce nake ce masa har yanzu hannunka bai isa ba. Sannan akwai wani ɗan abu da nake jin kunyar faɗa: tuƙin nan ya yi mini daɗi. Yanzu ina kai kaina taron Alhamis, ina ɗaukar ƙawayena, na kai kaina har Kroonstad wurin ƙanwata ban roƙi kowa ba. Har na fara tuhumar kaina, ko tsoro ne ke riƙe da mabuɗin nan ko son kai. Karabelo ta ce in ɓoye shi a gidanta har sai likita ya yi magana. Gielie ya ce in ba mutum abinsa. Ke me kika gani?

Taki,
Matar Direba, daga Welkom


Matar Direba,

Da farko ina taya ku murna, ke da Ntate Moeketsi. Na karanta wasiƙarki na yi dariya a wurin jakar Gielie, na kuma ajiye ta na share ido a wurin shataletalen nan. Kun sha wahalar watanni a kan ɗan faranti, kuma kun fita. Ki bar kanki ki ji daɗin wannan sauƙi, kin cancance shi.

Kada ki ɗora wa kyautarki laifi. Na tambayi wani maƙwabcina da ke wannan wasa, ya ce abin da ya same ku yana samun mutane da yawa in suka bar roba suka koma alminiyom. Kaya ne masu kyau, suna rage karaya, amma ba sa nuna ciwonsu. Shawararsa ita ce duk lokacin da aka yi mummunan karo a kwance su a ɗora a kan gilashi kamar yadda Gielie ya yi, kuma wasu sukan bar hannayen tayoyin gaba a roba da gangan, don abu mai araha ya karye a gani, ya fi mai tsada ya murɗe a ɓoye. Ku sayi sabon faranti, ku sayi gilashi, wannan ya wuce.

Yanzu ga maganar gaske. Mijinki yana da gaskiya a rabi. Mutumin da ya karɓi tsohuwar motar da bai saba da ita ba ya zo na biyu, yatsunsa da idonsa suna aiki tare, wannan ba ƙaramar shaida ba ce. Kuma ki tuna wane irin mutum ne. Ba wanda ya matsa masa, bai yi hatsari ba, shakka kawai ya ji ya tsaya a gefen titi ya miƙa mabuɗi. Na sha samun wasiƙu daga matan da ke kokawa da mazajen da ba sa ganin allon hanya amma sun ƙi sakin sitiyari. Naki ba ya cikinsu. Irin wannan mutum ba a ɓoye masa mabuɗi, saboda haka ki gode wa Karabelo, ki ce mata a'a. In kika kai abinsa gidan ’yarsa, kin mayar da abin da ya yi na dattako ya zama hukunci, kuma gobe in ya sake jin shakka zai yi shiru ya ci gaba da tuƙi. Wannan shi ne hatsarin da ya fi wanda kike tsoro.

Ke ma kina da gaskiya a ɗaya rabin. Gilashin Gielie ya auna faranti, bai auna jinin mijinki ba. Mutum ne da hawan jini ya taɓa kayarwa, ma'aikaciyar jinya ta ce jinin ya ɗan hau, ga kofin da ya faɗi. Mai yiwuwa fargaba ce, domin wanda ya sa wa hannunsa ido dare da rana hannun yakan yi rawa. Amma ni da ke da shi babu mai ikon yanke wannan. Ranar likita ba a soke ta. Ki ma buga ki tambaya ko za a iya matso da ita. In kuwa kafin nan kika ga baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya yi nauyi farat ɗaya, ba a jiran wata rana, asibiti za ku nufa a take, ke a sitiyari.

Inda zan ɗan ja kunnenki shi ne uzurin nan. Shiru ne ya ba ku wahala tun farko: shi yana matsa ƙwallo a ɓoye, ke kina kuka a bayan famfo. Da ɗayanku ya buɗe baki a gaban Gielie tun watan Satumba, da an ɗora farantin a gilashi tuntuni. Kada ki sake komawa gidan jiya da maganar giya da neman abu a jaka. Ki zaunar da shi da rana tsaka, ki faɗa masa zancen kofin, ki ce ke kika goge shi kuma kin gani. Ki ce masa kin yarda da hannunsa, amma tsoron da kika sha bai gama fita daga jikinki ba, kuma kalmar likita ce kaɗai za ta ƙarasa fitar da shi.

Batun daɗin tuƙi kuwa, ban ga abin kunya ba. Kin gano kin iya, madalla. Ki ware shi daban, kada ki cakuɗa shi da maganar lafiya. Ki faɗa masa kai tsaye cewa ko likita ya wanke shi tas, Alhamis taki ce, hanyar Kroonstad ma taki ce. Mutumin da ya zauna a gefenki ya ga kin kai shi gida lafiya duk watannin nan ba shi da bakin musu.

Sai ki ciro mabuɗin daga jaka ki sa masa a tafin hannu, yau, kafin ki ji amsarsa. Nasa ne. Bayan ya riƙe shi ki roƙe shi abu ɗaya: ya bari ke ki ci gaba da tuƙi ’yan kwanakin nan, ki kai shi wurin likita, in likita ya ce babu komai shi zai tuƙo ku gida. Bambancin yana da girma. Yanzu ke kike hana shi. In kika yi haka, shi ne zai ara miki da kansa, kamar yadda ya yi a karon farko. Daga abin da kika faɗa mini game da shi, ina kyautata zaton zai yi gunaguni, ya ce kin cika tsoro, sannan ya miƙo miki.

Allah ya sa ku ji alheri a bakin likita, ya ƙara muku lafiya da tsawon kwana tare. Ranar da za ku dawo, ki zauna a gefe, ki ɗora jakarki a cinya, ki bar shi ya sha shataletalensa ba tare da kin dafa ƙofa ba.

Mme Puleng